Ɗorawar da aka sare tana shirin fure

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in yi magana a kan wani al'amari da na san wasu masu karatu za su ga ƙanƙantarsa idan suka gwada shi da tsadar abinci da rashin tsaro da suka cika shafukanku. Ni tsohon malamin firamare ne, na yi ritaya ina zaune a bayan garin Zariya, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata ɗorawa da aka sare a fulotin da ke jikin katangata a makon jiya. Da na fita na tambayi masu aikin dalili, sai babbansu ya ce mini ai bishiyar ta bushe, ba ta da sauran amfani sai a murhu. Na sunkuya na ɗauki reshe ɗaya cikin waɗanda suka zube, na nuna masa gundar furen da ke reto a jikinsa, wadda da an ƙara mata kwana goma da ta buɗe. Ya duba, ya yi shiru, sannan ya rantse mini cewa bai lura ba. Na kuwa yarda da shi, domin wannan rashin lura ya zama ruwan dare a cikinmu, kuma ni kaina na taɓa yin ɓarna saboda shi, kamar yadda zan faɗa nan gaba.

Mutanenmu da yawa, musamman yaran da suka tashi a birni, suna ɗaukar ƙarshen hunturu a matsayin lokacin da komai ya mutu. Ba na ganin laifinsu ƙwarai, saboda abin da ido yake fara gani ke nan: ciyawa ta ƙone, ƙura ta rufe ganye, sama ta yi fari fat da hazo, leɓe da dunduniya sun tsage, kuma rabon ƙasa da ruwan sama tun watan Oktoba. Amma wanda ya saba zama a gindin bishiya da hantsi ya san cewa daga tsakiyar Fabrairu zuwa farkon Maris, lokacin da ɗarin asuba ya fara sassautawa rana kuma ta fara cizo tun kafin azahar, itatuwanmu da yawa suna tsakiyar aikinsu mafi girma na shekara. Kakana, Allah ya jiƙansa, da taurari yake lissafin wannan kamar yadda malaman dā suke yi, kowane tauraro da kwanakinsa 13. Idan Sa'adu Sa'udu ya kama yakan ce ruwa ya fara hawa jikin ice, idan kuma Sa'adul Ahbiya ya biyo baya sai ya hana mu tura hannu cikin rami ko yawo da dare ba takalmi, domin kunama da maciji sun farka. Ban gaji ilminsa na taurari ba, amma na gaji ɗabi'arsa ta duban abin da ke kewaye da shi. Ita kanta ƙurar da muke ƙorafi a kanta, mafi yawanta daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi, wanda ake kira Bodele, inda ruwan tsohon tafkin Chadi ya taɓa kwanciya ya bushe, kuma idan ta sauka a gonakinmu tana ƙara wa ƙasa wasu sinadaran da shuka take buƙata.

Gidana ba babba ba ne. Akwai mangwaro ɗaya a tsakar gida, da lemun tsami, da zogale uku, da ɗan fagen alayyafo da latas kusa da rijiya, sai kuma darbejiya a ƙofar gida, wadda Katsinawa suke kira bedi, mutanen Borno maina, wasu kuma dogonyaro. Mangwaron shi ne ya fara koya mini darasi. Shekaru huɗu da suka wuce ya yi huda mai yawan gaske, har rassansa suka canja launi, sai na ga ƙudaje iri-iri sun yi masa caa tun daga hantsi. Na ɗauka ƙwari ne suka zo cinye furen, na tafi kasuwa na sayo maganin feshi, na aro injin goyo, na wanke bishiyar tas da rana tsaka ina jin na yi abin kirki. Washegari da jikata ta zo shara, gindin bishiyar a baje yake da gawar ƙudan zuma da sauran ƙudaje, kuma a wannan shekara 'ya'yan da muka samu ba su cika kwando ɗaya ba. Wani abokina malamin gona ne ya warware mini abin da na yi wa kaina. Ya ce kowace zangarniyar furen mangwaro tana ɗauke da ɗaruruwan ƙananan furanni, wani lokaci fiye da dubu, amma ɗa ɗaya ko biyu ne kawai suke tsayawa a kanta, kuma su ma ba sa tsayawa sai ƙuda ko zuma sun kwashi garin fure daga wannan sun kai wa wancan. Ashe ma'aikatan da suka zo yi mini aiki kyauta na kashe. Tun daga ranar ban ƙara fesa wa bishiya magani tana cikin fure ba, idan ma ya zama dole sai furen ya zube 'ya'ya sun ƙullu, kuma da yamma liƙis bayan zuma ta koma amyarta. Ina faɗin wannan ne saboda na san masu lambun mangwaro da yawa a yankinmu suna yin irin kuskurena kowace shekara, sannan su ɗora wa iska ko hazo laifi.

Ɗorawar da aka sare kuwa, nata al'amarin ya fi ban mamaki, kuma shi ya sa sarewarta ta tsaya mini a rai. Takan zubar da yawancin ganyenta a tsakiyar hunturu, ta tsaya kamar busasshiya, sannan a daidai wannan lokaci ta sako furenta ja mai reto a dogon sili, kamar tuntun jar dara. Furen ba da rana yake buɗewa ba, sai magariba ta gabato, kuma dare ɗaya kawai yake yi yana zubar da ruwan zaƙi kafin ya fara yaushi. Shekara da shekaru, idan na dawo daga sallar isha'i, nakan tsaya a bakin katanga in haska fitila in ga jemagu suna ta kai-komo a kanta, kowanne ya maƙale wa fure na ɗan lokaci ya lashe zaƙin ya tashi zuwa wani, ƙirjinsa duk garin fure. Da asuba kuma zuma ce take karɓar aikin, har mutum yana jin kukanta daga cikin ɗaki. Jemagen nan da muke ƙyama, muke jifa, muke cewa shi ba tsuntsu ba shi ba dabba ba, yana cikin manyan masu yi wa ɗorawa barbara, kuma daga wannan barbara ake samun 'ya'yan da za su nuna a bazara. Daga su ake samun garin ɗorawa da yara suke sha, da kalwar da mata suke dafawa su yi daddawa, da makubar da magina na dā suke shafe katanga da daɓe da ita. Duk matar da ta je kasuwa kwanan nan ta san yadda daddawar kalwa ta yi tsada har wasu suka koma ta waken soya, amma ba kowa ne yake haɗa tsadar da injin yankan katako da muke ji yana kuka a bayan gari ba. Bishiyar da ta girme ni, wadda ta shekara tana ciyar da unguwa tun kafin a yanka fulotan nan, ba ta ɗauki masu aikin sa'a biyu ba.

Rimi ma haka yake, da dare yake fure kuma jemagu ne baƙinsa, sai dai shi ya riga ɗorawa, domin yanzu 'ya'yansa ne suke rataye, nan da 'yan makonni za su fashe iska ta kwashi audugarsu, wadda da ita ake cusa matashin kai da lifidin dawakin sarki. Zariya gari ne na rimi, sunayen unguwanni irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko sun isa shaida, kuma ba banza aka yi masa kirari da adon gari ba, amma ban tuna ranar da na ga wani ya dasa sabo ba. Kuka tana tsaye tsirara da 'ya'yanta suna jawo mata jifa kamar yadda karin magana ya faɗa, gurjiya ta yi jajayen furanni ba ganye ko ɗaya a jikinta, darbejiya kuma ta fara sakin ƙamshin nan nata da yamma. Gawo ne kaɗai ya saɓa wa kowa, domin shi da rani yake kore shar, da damina kuma ya kaɗe ganyensa ya bar wa gero da dawa rana da taki, kuma a wannan wata ne 'ya'yansa suke zubowa awaki da tumaki suna rububi, daidai lokacin da kiwo ya fi wuya. 'Yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar sun riga mu gane darajar wannan. Tun daga shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka koma barin tohon da yake fitowa daga kututture a gonakinsu, suna zaɓen mai ƙarfi su rene shi maimakon su sare su ƙone, abin da suke kira sassaben zamani, kuma masana sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya bishiyoyi kimanin miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta kusan miliyan 5. Ba da kuɗin gwamnati aka yi mafi yawan wannan aiki ba, da wuƙa da haƙuri aka yi shi.

Abin da ya fi jawo mini baƙi a gida a wannan lokaci bai wuce wani tsohon kasko da nake cikawa da ruwa kowace safiya a gindin lemun tsami ba. Kududdufai sun ƙafe, raɓa ba ta sauka, saboda haka duk mai fiffike a unguwar ya san da kaskon. Kurciya ce take fara zuwa, sai gwara da hayaniyarsu, sai waɗannan jajayen 'yan tsuntsaye da ba su fi babban yatsa ba, waɗanda ba sa tsoron mutum har sukan shiga madafa su tsinci tsaki. Marai ma yana zuwa, sai dai wanda ya san shi da damina cikin rawayar rigarsa ba zai shaida shi yanzu ba, domin ya tuɓe ta ya koma launin ƙasa kamar matarsa, ba zai mayar ba sai ruwa ya kusa. Alhudahuda, tsuntsun Annabi Sulaimanu, yakan sauka a fagen alayyafo yana soka dogon bakinsa a jiƙaƙƙiyar ƙasa yana zaro tsutsa, cilakowa kuma ta tsaya a saman darbejiya ta ɗaga baki sama tana kira. Na zuba 'yan tsakuwoyi a cikin kaskon domin zuma ta samu wurin tsayawa kada ta nutse, kuma ina zubar da ruwan in sake sabo kullum saboda kada in yi kiwon sauro da sunan taimakon tsuntsaye. Bana kuma sha-kauci ya yi mini karamci, wato ƙaramin nan mai rawayan ciki da koren baya mai ƙyalli, wanda namijinsa yake fitar da dogayen gashin wutsiya biyu a wannan lokaci. Shi da rani yake sheƙa, saɓanin yawancin tsuntsaye, kuma macen ta rataya tata a reshen lemun tsamin, 'yar jaka ce da ta ɗinka da yanar gizo-gizo da audugar tsirrai. Sai da na yi wa jikokina da abokansu doka mai tsanani a kan danƙo kafin hankalina ya kwanta.

Akwai kuma baƙin da ba 'yan ƙasa ba, waɗanda mutum ba zai kula da su ba sai an nuna masa. Wasu ƙananan tsuntsaye masu launin toka da ruwan ƙasa da suke shiga cikin zogale da shingen gida suna tsintar ƙwari, da wasu daga cikin tsattsewar da muke gani suna shawagi da yamma, da masu rawayan ciki da suke bin ƙafar shanu a fadama suna kaɗa wutsiya, daga Turai suke zuwa idan sanyin can ya kama, kuma a watan Maris da Afrilu suke komawa. Abin da suke yi a gidajenmu da lambunanmu yanzu shi ne tara kitsen guzuri, domin a gabansu akwai hamadar Sahara, tafiyar fiye da kilomita 1,500 babu tabbacin ci ko sha, ga tsuntsun da nauyinsa bai kai giram 20 ba. Mutanen Turai ba su san inda tsuntsayensu suke tafiya ba sai a hankali. A shekarar 1822 aka harbo wani farin tsuntsu ɗan'uwan shamuwa a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyansa, kuma har yau yana ajiye a jami'ar Rostock. A 1969 kuma masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka tarar cewa wata 'yar tsuntsuwa mai farin maƙogwaro, wadda ta saba cika shingayen gonakinsu, fiye da kashi biyu cikin uku nata ba su komo ba, da aka bincika sai aka gano farin da ya fara a yankin Sahel ne ya cinye su. Wato fari ɗaya ne ya kashe mana shanu ya kuma rage wa manomin Ingila tsuntsayen gonarsa. Masu son ganin manyan baƙin, agwagin ruwa da dangoginsu, sai su je fadamun Haɗeja da Nguru, musamman Dagona a jihar Yobe, amma ƙananan suna nan a bayan ɗakin kowa muddin akwai ɗan kore a wurin. Jami'ar Jos tana da cibiya sukutum ta binciken tsuntsaye a Laminga, inda 'ya'yanmu suke karanta wannan fanni har digiri na biyu, abin da na tabbata iyaye da yawa ba su taɓa jin labarinsa ba.

A ƙasa ma akwai rai, ko da yake ya fi ɓuya. Na daina ƙona busasshen ganyen da nake sharewa tun ranar da na ɗaga wani tsibi na tarar da bushiya a dunƙule a ƙarƙashinsa, yanzu a lungu nake tara shi ina yayyafa masa ruwan wanke-wanke ya ruɓe ya zama taki, ita kuma ta biya kuɗin haya da cin gyare da sauran ƙwarin dare. Kwaɗi suna laɓe a danshin gindin randa suna jiran ruwan farko. Ƙadangaru, waɗanda a watan Janairu ba sa motsi sai rana ta ɗaga sosai, yanzu tun da sassafe suke kan katanga, kawunan mazan sun fara ja suna ta gyaɗa wa juna kai. Latas ɗina ya fara miƙewa zai yi fure, ganyensa ya soma ɗaci, wanda duk mai lambu ya san alama ce ta cewa zafi ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Wanda na nema ban gani ba shi ne ungulu. Muna yara a wannan lokaci take sheƙa a saman rimi da kuka, kuma babu mayanka ko bayan kasuwar da ba za ka tarar da su gomiya ba, amma jikokina ba su taɓa ganinta ba sai a hoto. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya irin ungulun garuruwanmu cikin waɗanda suke gab da ƙarewa, saboda guba da farautar sassan jikinta da ake yi domin tsibbu, da kuma sare dogayen itatuwan da take kwana a kai.

Malam Edita, ba ina cewa kada a yi gini ba ne, domin ni ma a filin da dā gona ce na gina nawa. Abin da yake damuna shi ne sabon yayin da ya shigo, inda mutum zai sayi fuloti, ya fara da tumɓuke duk abin da ya tarar a ciki, ya gama gini ya shimfiɗe tsakar gida da siminti ko intalok daga bango zuwa bango, ba ya barin ko taku biyu na ƙasa. Idan bazara ta zo gidan ya zama tanda, a kwana ana fifita ana zagin masu wutar lantarki, idan damina ta zo kuma ruwan da ƙasa za ta shanye ya kwarara titi ya shiga gidan maƙwabci. Magini zai iya kauce wa bishiya idan mai gida ya ce a kauce mata, kuma hukumomin tsara birane da suke duba zanen gini kafin su sa hannu za su iya tambayar ina aka bar wa itace wuri, kamar yadda suke tambayar ina aka bar wa masai. Malamanmu ma suna da abin faɗa a kan mumbari, tunda ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Musulmin da ya dasa itace ko ya shuka wani abu, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci daga gare shi, za a rubuta masa ladan sadaka, kuma a hadisin an ambaci tsuntsu tare da mutum.

Roƙona gare ka shi ne ka ware ɗan gurbi a jaridar nan, ko da layi goma ne a mako, inda masu karatu daga Sakkwato da Katsina da Kano da Bauci da Damagaram za su riƙa aiko da abin da suka gani: ranar da mangwaro ya fara huda a garinsu, ranar da ɗorawa ta buɗe, ranar da aka fara ganin shamuwa a kan tsamiyar ƙofar fada, da ranar ruwan farko. Ni ina da wani tsohon littafin rubutu da nake sa irin waɗannan ranaku a ciki tun kafin in bar aiki, kuma a shirye nake in fara aiko da nawa idan ka amince. Game da ɗorawar kuwa, na samu mai fulotin na roƙe shi ya bar kututturen, tunda a gefen da zai yi katanga yake ba a inda zai sa ɗaki ba, na kuma gaya masa cewa idan ba a ƙone shi ba zai yi toho kafin ruwa ya sauka. Ya ce zai yi shawara da magininsa.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
Tsohon malamin firamare,
Zariya, Jihar Kaduna.